Chaudhry, Chowdhury, Chaudhary: dangi ne, ƙabila ce, ko sarauta?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Ɗan ƙwallon nan Hamza Choudhury, wanda suka ɗauki kofin FA a Leicester tare da su Ndidi da Iheanacho a 2021, yanzu Bangladesh yake buga wa. To alƙalin alƙalan Pakistan ɗin nan da Musharraf ya dakatar a 2007 har lauyoyi suka cika titi, shi ma Iftikhar Chaudhry ne. Jiya kuma a labarai na ji an ambaci wani ɗan siyasar Indiya, Bahinde, wai Chaudhary. Musulmi da Hindu, ƙasa uku, suna ɗaya. Dangi ne da raba ƙasa ya warwatsa, ko wata ƙabila ce babba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ai mu 'yan kallon Indiya mun daɗe da sanin Caudari. Shi ne mai gidan benen nan ɗaya tilo a ƙauye, da murɗaɗɗen gashin baki, wanda DPO yake rusuna masa, kuma shi yake ƙwace gonar baban jarumi kan bashin da bai taka kara ya karya ba. In ba shi ba ne, to Takur ne. Ni dai ban taɓa ganin Caudari mai imani ba.

Ɗan Fagge:
Hajiya, tarihi nake tambaya, kin kawo min fassara.

Malamin Tarihi (Zariya):
Ƙyale Hajiya, ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ba dangi ba ne, ba ƙabila ba ce. Muƙami ne na ƙasa da haraji wanda daga baya ya maƙale ya zama sunan gida.

A zamanin daular Mugal, an kasa ƙasa gunduma-gunduma, kowace tarin ƙauyuka ana ce mata pargana. A kowace pargana akwai wani babba daga cikin masu riƙe da ƙasar wurin, wanda hukuma ta yarda da shi, shi ne chaudhuri. Aikinsa ya tsaya a tara harajin gona daga hannun masu gari a kai wa ma'aikacin sarki, ya tsaya wa manoma in za a ba su rancen iri ko na shanun huɗa, ya kuma sa hannu a kan ƙiyasin amfanin gona. Ladansa wani kaso ne daga harajin, da gonar da aka yafe mata haraji. Kusa da shi akwai kanungo mai riƙe da kundin gonaki, ƙasa da shi akwai mukaddam, wato mai gari, da patwari, akawun ƙauye. Yawanci gado ne, ɗa ya gaji uba, amma sai da takardar amincewa daga sama.

Muƙamin ya girmi Mugal. Tun zamanin sarakunan Delhi akwai shi. Masanin tarihi Ziya'uddin Barani ya ba da labarin yadda Sarki Alauddin Khalji, wanda ya yi mulki daga 1296 zuwa 1316, ya karya su da gangan: ya ɗora harajin rabin abin da gona ta ba da, ya soke rangwamen da ake yi musu, har ta kai ba sa iya hawa doki ko sa tufa mai kyau. Dalilinsa a fili yake, mutumin da yake tsakanin sarki da manomi, in ya yi ƙiba, tawaye yake yi.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, duk wannan dogon Turancin, ai sai ka ce min hakimi ne kawai. Ku Zage-zagi ba ku iya gajerce zance ba.

Malamin Tarihi (Zariya):
Bakano da gaggawa, kamar ana kiransa a Kwari. Eh, kusa da hakimi ne, wani wurin ma dagaci. Amma ka riƙe kalmar "kusa", za ta yi amfani nan gaba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kowane yanki da nasa. A Maharashtra mai wannan matsayi Deshmukh ake ce masa, akawunsa Deshpande, mai gari Patil, akawun gari Kulkarni. A Gujarat akwai Desai da Patel. A Bengal akwai Talukdar da Majumdar da Sarkar da Mandal. Dukansu yau sunayen gida ne. Morarji Desai ya yi firaministan Indiya daga 1977 zuwa 1979, Pratibha Patil ta yi shugabar ƙasa daga 2007 zuwa 2012. In ka karanta jerin sunayen 'yan majalisar Indiya, kamar kana karanta rajistar ofishin haraji na shekara 400 da suka wuce ne.

Na Maraɗi:
To ai mu ma haka ne. Galadima, Ciroma, Waziri, Turaki, Madaki, Makama. Marigayi Adamu Ciroma na wajenku, ko Buba Galadima. Wa yake tambayarsu ina ƙasar da suke riƙe? Ni ban ga abin mamaki ba a nan.

Baba Tsohon Akawu:
Yarana, ku bari in sa baki, don na yi aiki a ofishin hakimi tun zamanin En'e. Kamannin akwai, amma kada ku haɗa su. Hakimi ba shi da ƙasa. Naɗa shi aka yi, Sarki ya ɗaura masa rawani, kuma ranar da aka ga dama a kwance rawanin ko a ɗauke shi daga wannan gunduma a kai shi waccan. Na ga an yi. Gonar talaka ta talaka ce, ya gada, 'ya'yansa za su gada. Hakimi yana da gandun sarauta, amma na kujera ne, in ya tashi ya bar shi. Haraji kuwa muna rubutawa da rasit, a kai baitulmali, shi kuma ya jira albashinsa ƙarshen wata kamar kowa. Wannan Caudarin da Malam yake faɗa, in na fahimta, ƙasar ma tasa ce.

Malamin Tarihi (Zariya):
Ranka ya daɗe Baba, nan ne ainihin wurin. A zamanin Mugal shi ma ba mallakar ƙasar ya yi ba, haƙƙin kaso yake da shi a cikin abin da ta ba da, manomi kuma ba a korarsa muddin yana biya. Turawa ne suka sauya lissafin, kuma ba a ko'ina ba.

Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya karɓi ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa a 1765. A 1793 Gwamna Cornwallis ya kafa tsarin haraji na dindindin. Aka ce da masu tara harajin nan, waɗanda ake kira zamindar a dunƙule, daga yau ƙasar taku ce, ku sayar, ku jinginar, ku bar wa magada. Abin da za ku kawo wa Kamfani an yanke shi har abada, ba ƙari ba ragi. A lissafin farko, in an kasa harajin kashi 11, Kamfani ya ɗauki 10, zamindar ya riƙe 1. Sharaɗi ɗaya ne mai zafi: in rana ta faɗi a ranar biya ba ka kawo kuɗi ba, an yi gwanjon ƙasarka. Tsofaffin gidaje da yawa sun ruguje a shekarun farko, 'yan kasuwar Kalkata da akawunan Kamfani suka saye. Waɗanda suka tsallake kuwa suka yi kuɗi na fitar hankali, domin abin da suke biya a tsaye yake, abin da suke karɓa daga manomi kuma kullum hawa yake. Manomin da kakanninsa suka sare dajin ya wayi gari ɗan haya.

Sai kuma zamindar ya ga zaman ƙauye bai yi masa ba, ya koma Kalkata, ya ba wani hayar tara kuɗin, wannan ya ba wani, wancan ma ya ba wani. Kowane hawa da sunansa, kowa da abin da yake gutsura. Sunaye irin su Howladar da ake ji a wajen Barisal daga irin wannan matakalar suka fito.

A yawancin yankunan Madras da Bombay ba a bi wannan hanya ba, can kai tsaye hukuma take karɓa daga manomi. Shi ya sa nauyin sunan ya bambanta daga yanki zuwa yanki.

Barista:
In ƙara a kan maganar Baba ta fuskar doka. Abin da ya sa hakimanmu ba su zama zamindar ba, ba wai sun fi tsoron Allah ba ne, doka ce ta tare hanya. Lugga kansa a Madras aka haife shi a 1858, kuma a Indiya ya yi farkon aikinsa na soja, saboda haka Turawan da suka ci Arewa sun san abin da ya faru a Bengal sarai. Zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamitin ƙasa na Arewa a 1908, aka fitar da doka a 1910 wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar Gwamna a madadin 'yan ƙasa, ba mai mallakar ta shi kaɗai, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama da amfani ne. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ɗora a kai, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a Najeriya duka. A daidai shekarun farkon nan ne kuma aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa, aka kawar da jakadu, aka sa su a albashi. Wato a Bengal an mai da ma'aikacin haraji mai ƙasa, a nan an mai da mai sarauta ma'aikacin haraji.

Ɗan Sawaba:
Da girmamawa ga Baba da Barista, wannan bambanci a takarda yake. Ku tambayi talakan da aka kwashe daga gonarsa ranar da ruwa ya sauka aka kai shi noman gandun hakimi kyauta. Ku tambayi wanda aka shanya a rana kan kuɗin haraji, ko Bafulatanin da aka ƙirga masa shanu sau biyu. Me ya dame shi da ko sunan hakimi yana kan takardar filin? Bulala ɗaya ce. In da komai rasit ne da albashi, me ya kawo NEPU a 1950? Me ya sa ranar da Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a 1979 mutane suka yi ta guɗa?

Baba Tsohon Akawu:
Ɗana, ban ce ba a yi zalunci ba. An yi, wani ma a gabana. Abin da na ce shi ne, da aka soke harajin, me ya rage a hannun hakimi? Rawani da algaita. Talaka ya koma gonarsa domin dama tasa ce. Can kuwa ko an soke sarauta, gonar tana hannun mai ita. Ka ga bambancin ya fita daga takarda ke nan.

Ɗan Sawaba:
Baba, a zo gefen Kano ko Kaduna a ga yadda ake yanka gonakin mutane ana filoti, a gaya min wa yake sa hannu. Amma na ji, wannan maganar ta ƙarshe tana da ƙarfi.

Ɗalibi a Lahore:
Salam. Ni ina karatu a nan Punjab ta Pakistan, bari in faɗi yadda abin yake a ƙasa yau. Na farko, a nan yawanci gaba ake sa shi, ba baya ba: Chaudhry wane. A Bengal ne ya fi zuwa ƙarshe. Na biyu, ya kasu biyu. Akwai na gaske, akwai na baki. Na baki shi ne wanda mai shago ko yaron mota zai ce maka "Chaudhry sahib" don ya ga ka sa fararen kaya masu guga, kamar dai yadda ake ce wa duk mai babbar riga Alhaji a gida ko bai san hanyar filin jirgi ba. Har zolaya suke yi da shi, in mutum ya cika shiga abin da ba ruwansa sai a ce wa ya naɗa ka Chaudhry.

Na gasken kuwa ba wasa ba ne. A ƙauye mutane kashi biyu ne, masu gona da waɗanda ake kira kammi, wato masu sana'ar hannu da suke yi wa masu gona hidima: wanzami, maƙeri, masaƙi, mai tukwane, baduku. Ƙabilun Jat da Gujjar da Arain da wasu Rajput su ne suke ɗaukar Chaudhry. Yana da ɗakin baƙi da ake kira dera, nan ake sasanta rigima, nan ake zuwa in 'yan sanda sun kama ɗanka, nan kuma ake yanke wa wanda ƙauyen zai zaɓa. Ƙuri'a a nan ta biradari ce, wato dangi na jini da aure, ba ta mutum ɗaya ba. Abokin karatuna ɗan gidan wanzamai ne, likita zai zama, amma ya ce min in ya je ƙauyensu har yau ba ya zama a kan gado ɗaya da mai dera.

Malamin Tarihi (Zariya):
Madalla da wannan. Kuma akwai hannun Turawa a nan ma. Dokar 1900 ta Punjab ta hana duk wanda ba ya cikin jerin "ƙabilun noma" sayen gona daga hannun waɗanda suke ciki. An ce don a kare manomi daga masu ba da bashi da ruwa ne, amma ta rufe wa kammi ƙofa. Ga kuma sababbin ƙasashen noman rani da aka buɗe da magudanan ruwa daga shekarun 1880, irin yankin Lyallpur da yanzu ake kira Faisalabad, waɗannan ƙabilun aka raba wa. Wato gwamnati ce ta rubuta wanda zai iya zama mai gona da wanda ba zai iya ba, bisa haihuwa.

Barista:
Kuma Pakistan ba ta taɓa warware wannan ƙulli da gaske ba. Ayub Khan a 1959 ya ƙayyade eka 500 ta noman rani ga mutum ɗaya, Bhutto ya sauko da ita 150 a 1972, sannan 100 a 1977. Masu ƙasa suka rarraba a sunayen 'ya'ya da mata da barori. A 1989 kuma sashen shari'ar Musulunci na kotun ƙoli ya yanke cewa ƙwace ƙasar mutum don ta wuce iyaka ya saɓa wa shari'a. Nan maganar ta kwanta. Indiya da Gabashin Bengal (Bangladesh ta yau) kuwa tun 1950 suka yi dokokin rushe tsarin zamindar.

Ɗalibi a Lahore:
Amma kada a ɗauka duk babban Chaudhry tsohuwar ƙasa ce ta yi shi. Gidan da ya fi suna a siyasar nan, Chaudhry na garin Gujrat (na Pakistan, ba jihar Gujarat ta Indiya ba), wanda ya kafa shi, Zahoor Elahi, da ɗan sanda ya fara, masaƙu ne suka ɗaga shi. Ɗansa Shujaat Hussain ya riƙe firaminista na ɗan lokaci a 2004, Pervaiz Elahi na gidan ya yi babban ministan Punjab daga 2002 zuwa 2007. Kuma mutanen nan da bakinsu suke cewa bayan hijirar 1947, da miliyoyi suka tsallaka iyaka zuwa inda ba wanda ya san kakansu, an samu sababbin Chaudhry da Sayyid da yawa a hanya.

Maman Ilham:
To kun gani. Duk kun zagaya kun dawo kan maganata. Mai gashin baki dai.

Mazaunin Doha:
Hajiya, tsaya ki ji nawa, zai rikita miki fim ɗin. A kamfanin da nake aiki akwai 'yan Nepal da yawa, leburori, kuma in aka kira Chaudhary a wurin rabon albashi sai mutum goma su waiwayo. Ba ɗayansu da ya gaji ko taki ɗaya na kirki. 'Yan ƙabilar Tharu ne, daga ƙasar fadama ta kudancin Nepal da ake kira Terai. A da, sarakunan Nepal suna naɗa wasu manyansu chaudhari don tara haraji, sannu a hankali mutane da yawa a ƙabilar suka ɗauki sunan. Yankinsu zazzaɓin cizon sauro ya hana baƙi zama, su kuwa jikinsu ya saba. Da aka yi feshin maganin sauro a shekarun 1950 da 1960, mutanen tudu suka gangaro, masu ilimin boko da sanin ofis, suka yi wa filaye rajista da sunansu. Tharu da yawa suka koma bayin bashi a gonakin da iyayensu suka share, ana ce musu kamaiya, bashin uba ya hau kan ɗa. Sai a watan Yulin 2000 gwamnati ta haramta abin, a gundumomi irin su Dang da Bardiya da Kailali. 'Yan matan da ake bayarwa aikatau kan bashi, kamlari, nasu ya kai 2013. To a ƙasa ɗaya, attajirin da ya fi kowa kuɗi, mai taliyar Wai Wai, Binod Chaudhary ne, ɗan asalin 'yan kasuwar Marwari, kuma yaron da yake ɗaukar bulo a gefena shi ma Chaudhary ne.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. To wannan ai sunan bai gaya maka komai ba ke nan.

Malamin Tarihi (Zariya):
Shi kaɗai ba ya gaya maka, sai ka haɗa da gari. Kuma wannan rashin faɗar tasa ita ce ta sa ake son sa. A Indiya yawancin sunayen gida suna tona jati ɗin mutum, wato ajin da aka haife shi a ciki, daga jin suna an san ko za a ci abinci da kai. Chaudhary kuwa Brahmin yana ɗauka, Jat yana ɗauka, Kayastha da Kurmi suna ɗauka, a Bihar har 'yan Pasi, waɗanda suke cikin Dalit da ake ƙyama, suna amfani da shi. Ga wanda yake ƙasa, rufin asiri ne. Wani dalilin yaɗuwarsa kuma, ba a gona kaɗai ake naɗa shi ba. A birane kowace sana'a tana da chaudhuri nata, na kasuwar hatsi, na masu amalanke, na mahauta, kwatankwacin Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera.

Ustaz (Gusau):
Ni abin da ya tsaya min a rai maganar ɗalibinmu ce ta likitan da ba ya zama a gado ɗaya da mai gona, alhali dukansu Musulmi ne, sahu ɗaya suke bi. Allah ya ce mafi girmanku a wurinsa shi ne mafi taƙawa, a Suratul Hujurat. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa alfahari da asali da sukar nasaba suna cikin abubuwan jahiliyya da al'umma ba za ta bari ba. Ɗaukar laƙabi don a gane gida ba laifi ba ne. Laifin shi ne a mai da shi ma'aunin mutum, ko kuma mutum ya jingina kansa ga gidan da ba nasa ba don neman girma.

Maman Ilham:
Allah ya saka, Ustaz. Amma kafin mu tafi Lahore wa'azi, a nan unguwarmu an fasa aure bara saboda an bincika an ce kakan yaron mahauci ne. Yaron injiniya ne, ko wuƙa bai iya riƙewa ba. Uwar yarinyar kuma ba ta rasa sallar dare.

Ustaz (Gusau):
Hajiya, hadisin bai ware Hausawa ba.

Ɗan Sawaba:
Ni Charan Singh nake so a taɓo, don shi ne ya fi ba ni sha'awa a cikinsu. Chaudhary ne, Jat, an haife shi a 1902 a yankin Meerut, ubansa ɗan haya ne a gonar wani. Shi ne ƙashin bayan dokar da ta rushe zamindar a Uttar Pradesh. Ya zama firaminista a Yulin 1979, ya sauka a Janairun 1980 ba tare da ya fuskanci majalisa ko sau ɗaya ba, amma har yau ranar haihuwarsa, 23 ga Disamba, ita ce ranar manoma a Indiya. Mai sunan masu ƙasa ne ya karya masu ƙasa. Sai dai ga inda gizo yake saƙa: gonakin da aka karɓe sun faɗa hannun 'yan haya masu ɗan ƙarfi irin danginsa, leburan gona Dalit da ba shi da ko hayar bai samu komai ba. Aka sauke babban Chaudhary ɗaya, aka samu ƙanana ɗari. Jikansa Jayant yana nan yana jan jam'iyyar gidan.

Barista:
Tsarin mulkin Indiya na 1950, sashe na 18, ya hana gwamnati ba da laƙabin sarauta, Indira Gandhi kuma ta soke kuɗin da ake ba tsofaffin sarakuna a 1971. Amma ba dokar da za ta hana mutum rubuta abin da ya ga dama a gurbin sunan mahaifi. Bambancin rubutun ma da Ɗan Fagge ya gani daga nan yake: kowa yadda akawun Bature ko malamin makaranta ya rubuta wa kakansa. 'Yan Bangladesh sun fi rubuta Chowdhury ko Choudhury, Pakistan Chaudhry, arewacin Indiya da Nepal Chaudhary.

Na Maraɗi:
To har yanzu ba a ba ni amsa ba. In jikan Galadima ya rubuta Galadima a fasfo, jikan Caudari ya rubuta Chowdhury, ina bambancin a yau, ba a 1793 ba?

Malamin Tarihi (Zariya):
A Dhaka ko Landan, kusan babu. Bangladesh ta yi shugabannin ƙasa masu sunan, Abu Sayeed Chowdhury a 1972 da Badruddoza Chowdhury a 2001, kuma ba gona ce ta kai su ba, ɗaya alƙali ne ɗaya likita. Sai dai ka tambayi wa ya samu damar shiga makarantar Turawa tun farko, za ka tarar kuɗin hayar gona ne ya biya wa gidaje da yawa. A ƙauyen Punjab kuwa bambancin yana nan da ransa, domin sunan yana tafe da gona da dangi masu aure a junansu. Namu Galadiman, in ba shi ne mai rawanin ba, suna ne kawai, kuma gobe Sarki yana iya naɗa wani daga wani gida.

Mazaunin Doha:
Akwai ma wanda sunan ya bi shi har tsakiyar teku. Fiji. Turawa sun kwashi leburori kusan 60,000 daga Indiya tsakanin 1879 da 1916 don noman rake. Jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka je, Mahendra Chaudhry, ya zama firaminista a 1999. Shekara ɗaya cif, a Mayun 2000, George Speight ya shiga majalisa da 'yan bindiga ya tsare shi kwana 56. Babban abin da ya hura wutar kuwa ƙasa ce: fiye da kashi 80 cikin 100 na filayen Fiji na 'yan asalin tsibirin ne, doka ta hana sayarwa, Indiyawan haya suke yi, kuma wa'adin hayar ya fara ƙarewa a lokacin.

Baba Tsohon Akawu:
To ka ji irin dokar da Barista yake faɗa. Da ba a yi mana irinta a 1910 ba, da yanzu wani yana karɓar hayar gonar ubanka, Ɗan Sawaba.

Ɗan Sawaba:
Baba, dokar da ta ce ƙasa tana hannun Gwamna ita ce dai ake amfani da ita yau a tashi ƙauye guda a ba mutum ɗaya takardar mallaka ta shekara 99. Barista yana nan, ya ƙaryata ni.

Barista:
Ba zan ƙaryata ka ba, sashe na 28 ne, soke haƙƙin zama don amfanin jama'a. Rigimar kullum a kan wane ne jama'ar take, da kuma diyyar, tunda abin da aka gina ko aka shuka ake biya, ba ƙasar ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a, mun baro Bengal mun shigo ma'aikatar filaye. Barista, don Allah ka buɗe mana sabon zare kan sashe na 28 da maganar diyya, akwai mutum biyu da suka yi min magana ta gefe suna da matsala irin wannan a hannu. Masu sauran bayani kan Chaudhry su ci gaba a nan.

Ɗalibi a Lahore:
Ƙaramin ƙari ga Hajiya kafin a watse: matar gidan ana ce mata Chaudhrani, kuma a ƙauyen abokina ita take riƙe da makullin rumbu da lissafin madarar ɓauna, mai gashin bakin sai ya tambaye ta kuɗin man mota.